Ɗan Rago da Kumfar Sabulu

Da hannun hagu Kendra ke tura cokali bakin 'yarta Junie, da na dama kuma tana rubuta sunan Opal Tackett a wayarta karo na uku. Shafin ofishin sherif, shugaban 'yan sandan gunduma, ya ɗan yi juyi, sannan ya maimaita amsar da ya ba ta sau biyu: babu wanda aka kama mai wannan suna.

"Babu," in ji mijinta Wade, yana leƙowa ta kafaɗarta da kofi a hannu. "Na gaya miki. Gwaggo Opal ce fa. Rabin garin nan ita ta rene su. Har da ni."

"Shi ya sa nake dubawa."

Wade ya yi dariya har kofi ya ɗiga a rigarsa ta aiki. Kendra ba ta yi ba. Ranar Litinin za ta fara aiki a asibitin haƙori, a teburin karɓar marasa lafiya, bayan shekara biyu da rabi tana gida. Gidan renon yara ɗaya ne a garin, kuma jerin masu jiran gurbi ya kai baɗi. Gwaggo Opal tana riƙe yara biyar a gidanta, ba ta taɓa ƙara na shida ba, kuma gurbi ɗaya ne ya buɗe. Iyalin Dunlap ma suna nemansa. Ranar Talata Kendra ta je sun gana. Tsohuwar ta tambaye ta abin da Junie ke ci da abin da ba ta ci, da lokacin barcinta, sannan ta ɗago ido ta saman tabarau ta ce, "Ke fa, kin taɓa shiga hannun hukuma?"

"Ko sau ɗaya," Kendra ta ce.

"To. Juma'a ƙarfe huɗu ki dawo. Ki faɗi naki, in faɗi nawa."

Yau ce Juma'ar. Da komai ya tafi daidai, ba don matar da Kendra ta haɗu da ita a shagon injin wanki ranar Laraba ba. Matar tana ninke zanen gado ta ce, "Opal? Ai mutuniyar kirki ce. Ba za ki ce ta taɓa kwana a ɗakin 'yan sanda ba." Kafin Kendra ta buɗe baki, matar ta rungumi kwandonta ta fita.

"Tsegumi ne," Wade ya ce, yana goge rigar da tsumma. "Ko Mama ta ce Gwaggo Opal ba ta da aibi. Kin kuwa san Mama ba ta wanke kowa. Matar da har yau take neman 'yan matan kumfa."

"Za ka makara," in ji Kendra.

Ƙarfe goma ta ajiye mota a gefen dandalin garin, ta saɓa Junie a kwankwaso, jakar kayan yarinya a ɗaya kafaɗar. Hanyar da ta fi kusa zuwa ginin kotun gunduma ta gaban kwarmin ruwan ado take bi, wanda ke feshi sama a tsakiyar dandali. Kendra ta zagaya ta bayan shagon aski, kamar kullum.

Shekara goma da suka wuce, ranar faretin huɗu ga Yuli na bikin 'yancin Amurka, wasu 'yan mata uku daga kwalejin wata gunduma suka juye galan biyu na sabulun wanke-wanke cikin kwarmin nan. Kumfa ta tashi ta rufe dandali, ta gangara titi, ta haɗiye teburin kek na matan coci. Darlene Voss, shugabar teburin, ta zame ta zauna daɓas a gaban 'yan badujala, da kek ɗin tuffa a cinyarta. Biyu daga cikin 'yan matan suka tsere. Ta ukun, mai shuɗin gashi, ta tsaya dariya aka kama ta. Sunanta a lokacin Kendra Maddox.

Bayan shekara huɗu ta haɗu da Wade, gashinta ya koma baƙi, kuma sai da ta zauna cin abinci a gidansu ta gane wace ce uwarsa: Darlene ce. Tun daga nan, duk bikin godiya na Nuwamba, da an yanka talotalo sai Darlene ta ɗauko labarin kumfa, ta ƙare da cewa duk ranar da ta ga yarinyar nan za ta san ta. Kendra kan sunkuyar da kai ta ci dankalinta. Abin da ke kwantar mata da hankali shi ne alƙali ya ce in ta yi awa arba'in tana tsintar shara a bakin titi za a kori ƙarar. Ta yi, an kora. Ta ma taɓa rubuta tsohon sunanta a shafin sherif kafin aurenta da kuma bayansa, bai fito ba. A wurinta, abin da aka goge bai faru ba. Shi ya sa ranar Talata bakinta bai ko yi rawa ba.

Ofishin ajiyar takardun kotu yana hawa na farko, ƙarshen baranda. Bayan kantar ofishin akwai mace mai kimanin shekara hamsin, tana taunar cingam, da allon suna a gabanta: Gaylene.

"Matar Wade," ta ce, tun kafin Kendra ta gaishe ta. "Wannan ce Junie? Hancin kakarta ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Me ake nema?"

"Anti, ina so in duba ko an taɓa kama wani."

"Wata dai."

Kendra ta gyara wa Junie zama. "Na duba shafin sherif, ban ga komai ba."

"Ba za ki gani ba. Wannan shafin shekara uku kawai yake riƙewa, sai su sauke. Kwamfutar can ta kusurwa, ta kotu, tana komawa har 1998. Abin da ya girme haka yana ƙasa, cikin littattafai. Opal kuwa tun kafin a haife ki ta daina abin da za a rubuta."

"Ban ce ita ce ba."

"Ba ki ce ba," Gaylene ta amsa cikin ladabi.

Shekara uku kawai. Maganar ta taɓa wani wuri a cikin Kendra, amma a daidai lokacin Junie ta kamo igiyar biron da ke kan kantar tana ƙoƙarin cusa shi a hanci, sai hankalinta ya koma can.

"Abu biyu," in ji Gaylene, tana turo mata wani littafi mai koren bango. "Na ɗaya, da sunan gidan ubanta za ki neme ta, ba na mijinta ba. Stamper take kafin ta zama Tackett. Na biyu, kamu daban, hukunci daban. Littafin farko zai gaya miki an kama mutum. Ki ɗauki lambar shari'ar ki buɗe na biyu, shi zai gaya miki yadda aka ƙare. Mutane suna karanta na farko su ruga gida da labari, ni kuma in wuni ina kashe wuta. Sa hannu a nan. Sunanki, kwanan wata, da sunan wanda kike nema."

"Dole sai na rubuta wanda nake nema?"

"Tun zamanin kakana haka ake yi."

Kendra ta rubuta, ƙanana-ƙanana, kamar hakan zai rage wani abu.

Ɗakin ƙasan yana da sanyi da warin tsohuwar takarda. Ta shimfiɗa wa Junie mayafi a ƙasa, nesa da soket, ta duba babu abin da zai faɗo mata, ta ba ta biskit biyu. Sannan ta sauko da littafin sunaye na harafin S, mai nauyi kamar yaron goye. Stamper sun cika shafi ɗaya da rabi. Ashe zuri'a ce mai ƙoƙari. Can kusa da ƙasa ta gan shi. Stamper, Opal J., shekara ashirin da biyu, Agusta 1984.

Ta ɗora yatsa a kan sunan. Ta kalli Junie, wadda ke ba takalminta biskit. Duk abin da za ta gani, ta gaya wa kanta, in ya shafi yaro ko giya ko duka, to aikin haƙori ya tafi, kuma ya tafi ke nan. Ta ɗauko littafin kamun shekarar ta buɗe lambar.

Laifi: satar dabba. An rubuta bayanin da tafireta, wasu haruffan sun hau kan wasu.

An sami rahoton ɓacewar ɗan rago ɗaya daga rumfar gwanjo a bikin baje kolin gona. An bi sawun motar mahaifin wadda ake zargi ta farko zuwa coci. Wadda ake zargi ta farko ta ce ba ta taɓa ganin rago ba a rayuwarta. Ragon ya yi kuka daga ajin yara. An same shi sanye da rigar mawaƙan coci. Wadda ake zargi ta biyu, Sizemore, Darlene, shekara sha tara, ta ciji mataimakin sherif a hannu.

Kendra ta karanta layin ƙarshe sau uku. Sizemore. Sunan da ke ɗinke a kusurwar bargon da surukarta ta ba su ranar aure. Darlene, wadda ba ta shan shayi sai da faranti a ƙarƙashin kofi. Darlene, wadda ta taɓa mayar wa Kendra da kwanon miya ta ce a sake wankewa.

Dariya ta taso mata ta hanci. Ta toshe baki, ta ƙi tsayawa. Junie ta ɗago ta ga uwarta tana girgiza, ita ma ta fashe.

"Kin iso wurin cizon ke nan," in ji Gaylene daga matakala. Ta sauko da kofi a hannu ta jingina da bango. "Buɗe na biyun. Ka'ida ce."

Kendra ta buɗe. An janye ƙara. Mai rago ya yafe.

"Ragona ne," Gaylene ta ce. "Ina da shekara tara. Kin san yadda ake yi: a ba yaro ɗan rago da bazara, ya rene shi, ya wanke shi, ya kai shi baje koli a ba shi lamba. Washegari a yi gwanjonsa, wanda ya saya ya tura wa mahauci. Kowa ya sani, ni ma na sani. Amma da na ga an ɗaura wa ragon nawa, Biskit, igiya, sai na kwanta a ƙasa ina birgima cikin ciyawa. Babana ya ce in tashi ina ba shi kunya. Opal tana sayar da lemo a rumfar gefe. Ta ga komai. Ta dai kira Darlene, ta ce ta tsaya ta yi wa mai gadi fari da ido."

"Mama? Fari da ido?"

"Ta iya a lokacin. Suka kwana ɗaya a kulle a sama can, ɗaki na biyu. Da safe mutumin da ya sayi ragon ya ji labari, ya ce shi ba zai ci naman da ya sa rigar coci ba. Biskit ya yi shekara sha ɗaya a bayan gidanmu. Sau biyu yana tunkuyar fasto."

Kendra ta ɗaga wayarta. "An yarda in ɗauki hoto?"

"Na jama'a ne, 'yar nan. Komai na nan na jama'a ne."

Ta ɗauka sau biyu, don kada ɗaya ya yi duhu. Tana hawa matakala da Junie a kwankwaso tana jin kanta sakayau. Matar da za ta kwana a kulle saboda kukan yarinyar da ba tata ba, ai ita ake nema. Ga kuma kyautar da ba ta roƙa ba: bikin godiya na bana zai yi daɗi.

"Rubuta lokacin fita," in ji Gaylene.

Junie ta riga ta kai hannu. Ta damƙi shafin ta ja, ya juye baya. Kendra ta kama hannunta, ta kai nata za ta mayar da shafin, sai idonta ya sauka kan wani rubutu mai manyan haruffa, irin na mai koya wa yara.

Opal Tackett. Laraba. Wanda ake nema: Maddox, Kendra.

Ta tsaya da hannu a sama.

"Ina ta san sunan gidanmu?"

"Takardar aurenki tana ɗaki na gaba. Ita ma ta jama'a ce."

"To ai ba za ta ga komai ba. An kori ƙarar."

Gaylene ta tauna cingam ɗinta sau biyu, a hankali. Sannan ta zagayo, ta je kwamfutar kusurwa, ta danna haruffa shida, ta juyo da fuskar allon. Wata yarinya mai shuɗin gashi tana kallon Kendra, kwalli ya zubo mata har kumatu, kumfa a kunnenta na hagu, kuma duk da haka bakinta bai gama rufuwa daga dariya ba.

"Mama," in ji Junie, tana nuna allon da biskit.

"An kori ƙarar," Gaylene ta ce. "Ga shi nan an rubuta. Amma korar ƙara ba ta goge kamu. Sai kin cike takarda kin roƙi alƙali a share. Ba ki cike ba. Yawanci ba sa cikewa."

Kendra ta zauna a kujerar da ke kusa. Ko sau ɗaya. Haka ta ce wa matar, ido cikin ido, a kan kujerar falonta. Washegari matar ta zo nan ta ga wannan. Wace mai reno ce za ta karɓi 'yar wadda ta fara da yi mata ƙarya, alhali ga 'yan Dunlap da takardunsu fes?

"Wa ya taɓa gani, ban da ita?"

Gaylene ta sunkuya ƙarƙashin kantar, ta ɗan yi bincike, ta fito da wani koren littafin, wanda bangonsa ya koɗe. Ba ta ko yi laluben shafi ba. Ta buɗe ta ɗora yatsa.

Darlene Voss. Shekara shida da suka wuce, watan Maris. Wanda ake nema: Maddox, Kendra. Kendra ta lissafa. Kwana biyu bayan ranar da Wade ya fara kai ta gidansu.

"Ta biya aka buga mata hoton," in ji Gaylene. "Mai kala."

Bikin godiya shida. Talotalo shida. Duk ranar da na ga yarinyar nan zan san ta. Kendra ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi.

"Ga takardar sharewa, in kina so. Wata biyu take ɗauka." Gaylene ta miƙo mata, ta mayar da littattafanta. "Tunda kin riga kin sa hannu, ba za ki duba Wade ba?"

"Wade? Wade ko fitilar kan hanya bai taɓa ƙetarewa ba."

Gaylene ta hura cingam ɗinta ya yi ƙwallo, ya fashe. "A gaida gida," ta ce.

Kendra ta kai Junie gida, ta ba ta abinci, ta kwantar da ita. Ta zauna a kicin da takardar sharewa a gabanta, tana jera hanyoyi kamar yadda take jera kayan cefane. Za ta iya zuwa ta yi shiru, ta bar tsohuwar ta fara. Za ta iya cewa ta manta, amma wa ke manta galan biyu na sabulu? Za ta iya fito da hoton rago tun a ƙofa, kowa ya riƙe na kowa. Wannan ta ɗan daɗe a kansa. Sai dai ba ciniki za ta je yi ba. Yarinya za ta miƙa, daga bakwai da rabi na safe zuwa biyar na yamma, kuma tana so ranar da Junie ta faɗi ta fasa leɓe a gaya mata gaskiyar yadda aka yi. Ƙarfe uku da rabi ta tashi Junie, ta wanke mata fuska, ta sa mata rigar da ba ta da tabo.

Gidan Gwaggo Opal yana ƙarshen layi, da farin shinge, da lilo a tsakar gida. Yara huɗu suna haƙa rami a cikin yashi. A baranda akwai kujeru uku da tulun shayi mai ƙanƙara. Tsohuwar tana kan ta tsakiya, 'yar ƙarama, tabarau a rataye da igiya. A ta dama kuwa, da jaka a cinya da faranti a ƙarƙashin kofi, Darlene ce.

Kendra ta kusa juyawa. Junie ta zame daga hannunta ta ruga wurin kakarta, hanya ta rufe.

"Sannu da gida, Gwaggo. Mama, ina wuni."

"Lafiya," in ji Darlene. "Wucewa nake yi na tsaya."

"Tun ƙarfe biyu take wucewa," in ji Opal. "Zauna, 'yata."

Kendra ba ta zauna ba. Ta riƙe madaurin jakarta da hannu biyu. "Gwaggo, ranar Talata kin tambaye ni, na ce ko sau ɗaya. Ba gaskiya ba ne. An taɓa kama ni, ina da shekara sha tara. Na ɗauka an goge, amma ko an goge ai ya faru. Ni ce na zuba sabulu a kwarmin dandali." Ta juya ga surukarta. "Ni ce, Mama."

Darlene ta ɗaga kofinta ta kurɓa, ta ajiye a kan faranti ba tare da ya yi ƙara ba.

"Kin ɓata mini biki," ta ce.

"Na sani. Kek ɗinki da rigarki..."

"Ba wancan ba. Na Nuwamba. Shekara shida ina ba da labarin nan ina kallon kunnuwanki suna ja kamar tumatir. Ni kaɗai na san dalili. Shi ne kawai abin da nake jira duk shekara, tunda talotalon Wade bai taɓa dahuwa ba. Yanzu me zan yi?"

Opal ta zuba shayi a kofi na uku ta tura shi gaban kujerar da ba kowa. "Kowace uwa ina yi mata tambayar nan," ta ce. "Rabi suna yi mini ƙarya. Ba ta Talata nake ji ba, ta Juma'a nake jira. Zauna, na ce. Tsayuwarki tana sa ni ciwon wuya."

Kendra ta zauna a bakin kujerar. "Ni ma na je na duba ki."

"Na sani. Gaylene ta kira kina matakala."

"Ba ki ji haushi ba?"

"Da ba ki je ba ne zan ji. Matar Dunlap ta zo jiya, ta ce ita ta yarda da ni ɗari bisa ɗari, ba ta bukatar tambayar kowa. Ko bayan gida ba ta leƙa ba. Ke kuwa ranar Talata na gan ki kina girgiza ƙofar shinge, kina zaton ban gani ba. Kin buɗe mini firiji."

"Ruwa nake nema."

"A cikin kwanon man shanu." Opal ta mayar da tabarau hancinta. "Litinin, bakwai da rabi. Ki zo da kayan canji kala biyu da hular rana. Ba na ba da alewa, ba na kunna talabijin. In ta yi zazzaɓi zan kira ki, kuma ki ɗauka."

"Zan ɗauka."

"Na san za ki ɗauka. Sabulu dai ina kulle shi a sama."

Kendra ta sha shayin. Sanyinsa ya sauka har cikinta, ta ji kafaɗunta sun sauko daga inda suka maƙale tun safe. Junie ta riga ta shiga cikin yaran, tana ba da umarnin inda za a zuba yashi.

Darlene ta buɗe jakarta, ta zaro wata takarda da aka ninke huɗu, gefunanta sun yi laushi don daɗewa. Ta ɗan buɗe kusurwa. Shuɗin gashi ya leƙo.

"Ina tunanin sa shi a firam," ta ce. "Junie ta san asalinta."

Kendra ta ajiye kofi. Ta ciro wayarta, ta nemo hoton, ta faɗaɗa layin ƙarshe da yatsu biyu, ta ɗora a kan tebur kusa da farantin surukarta.

"Mama, mataimakin sherif ɗin nan, hannun ya warke kuwa?"

Darlene ta sunkuya ta karanta. Ta daɗe tana karantawa, fiye da tsawon layin. Opal ta kawar da kai tana kallon lilo, kafaɗunta suna rawa.

"Shi ya kawo hannunsa kusa da bakina," in ji Darlene.

"Har yau da tabon," in ji Opal. "Yana nuna wa jikokinsa."

"Ke kuma wa ya tambaye ki?" Darlene ta ninke takardar ta mayar jaka, ta ja zip. Ta gyara zama, ta kalli titi. "Wade ba ya bukatar sanin komai. Yaro ne mai ɗaukar uwarsa da daraja."

"Da matarsa," in ji Kendra.

"Da matarsa," Darlene ta yarda, da ƙyar. Can kuma ta ƙara, "Labarin dai zan ci gaba da bayarwa. Mutane sun saba."

"Ki bayar, Mama. In kin gama ni kuma in tambayi ko akwai mai son naman rago."

Ƙarfe shida Wade ya dawo ya tarar da ita tana rubuta sunan Junie a cikin wuyan riguna biyu da hular rana. Ya sumbaci 'yarsa, ya buɗe tukunya, ya rufe.

"Yaya? An samu?"

"Litinin, bakwai da rabi."

"Ba na gaya miki ba? Duk wahalar banza. Waya ma ta gaya miki babu komai."

"Wayar shekara uku kawai take riƙewa. Kotu na je. Akwai kwamfuta a can mai komawa har 1998."

Wade ya tsaya da murfin tukunya a hannu. "Har 1998?"

"Kowa na iya dubawa. Suna kawai za ka rubuta."

"Oho." Ya ajiye murfin, ya sake ɗauka, ya leƙa tukunyar da ya riga ya leƙa. "Amma dai Gwaggo Opal kaɗai kika duba, ko?"

Kendra ta ɗago ta kalli mijinta. Kunnuwansa sun yi ja kamar tumatir.

"Ita kaɗai," ta ce.

Ta ninke rigunan ta sa a jaka. Hutun cin abinci a asibitin haƙori minti arba'in ne, kuma ginin kotu yana tsallaken dandali. In ta bi ta gaban kwarmin ruwa, minti uku zai kai ta.